Waƙoƙin Kore Damuwa a Ma'aunin Mutanen Rumfa

 Mu ƴan ajin ƙarshe, darasin da ya faɗo mana a ɗan littafin bana shi ne waƙoƙin da ke ce wa mutum ya bar damuwa. Wani zai ce ina ruwan almajiri da waƙa. To, duk wanda ya ratsa tasha, ko ya wuce fadar samari da dare ana dafa shayi, ya san irin waɗannan waƙoƙi suna shiga kunne ko ba a gayyace su ba. Hukuncin kiɗa ba namu ba ne, yana wajen malamai. Mu maganar da ke cikin waƙoƙin muka ɗauko muka auna. Abin kuma ba na wasa ba ne, domin a unguwanninmu akwai matasan da ke kore damuwa da ƙwayar tramol, su ma cewa suke yi ba su da damuwa. Ashe magana ɗaya tana fitowa daga bakin mai haƙuri, ta kuma fito daga bakin wanda ya bugu. Dole a san yadda za a rabe su.

Ma'aunin da muka ara na wasu masana falsafa ne na ƙasar Girka. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mutumin tsibirin Kubrus mai suna Zeno ya fara koyarwa a birnin Atina. Ana cewa da fatake ne, jirginsa ya nutse da dukiyarsa, daga nan ya koma karatu. Ba shi da makaranta ginanniya, a wata rumfa mai ginshiƙai a bakin kasuwa yake zama da almajiransa. Rumfa a harshensu "sitowa" ake ce mata, daga nan sunansu ya samo asali. Larabawa suka fassara, suka kira su Ruwaƙiyyuna, wato mutanen rumfa, kalma ɗaya ce da ruwaƙan masallacin Azhar inda ɗalibai baƙi ke sauka. Wanda ya gaji Zeno, Kiliyantis, talaka ne tilis, da dare yana ɗibar ruwa yana ban-ruwa a lambunan mutane don ya samu abin da zai ci ya yi karatu da rana. Shi ma ya yi waƙa, sai dai yabon abin bautarsu ce, ba za mu tsaya a kanta ba.

Daga baya aka samu biyu da suka fi shahara, kuma ku dubi nisan da ke tsakaninsu. Ɗaya bawa ne gurgu a birnin Rum, Efiktetus, wanda aka ƴanta daga baya. Bai rubuta komai da hannunsa ba, wani almajirinsa Ariyan ne ya tattara karatunsa. Ɗayan kuwa sarkin daular Rum ne gaba ɗaya, Markus Oreliyus, da ya yi mulki daga 161 zuwa 180 Miladiyya, yana rubuta wa kansa nasiha a sansanin yaƙi. Sarki yana karanta maganar bawa yana gyara halinsa da ita.

Kan karatunsu a taƙaice shi ne, abubuwa kashi biyu ne. Akwai abin da ke hannunka: niyyarka, maganarka, aikinka, da yadda kake fassara abin da ya same ka. Akwai wanda ba ya hannunka: ruwan sama, farashin gero, bakin mutane, ciwo, ranar mutuwa. Suka ce damuwa tana zuwa ne idan mutum ya ɗora zuciyarsa a kan kashi na biyu, ya yi sake da na farko. Suna buga misali da maharbi. Gyaran baka, zaɓen kibiya, saiti da saki duk nasa ne. Amma da zarar kibiya ta bar tsirkiya, iska tana iya karkatar da ita, nama yana iya zabura. Maharbin kirki ba zai ƙi gyara bakansa don akwai iska ba, ba kuma zai kwana yana zagin iska ba. Haka manomi: share gona, shuka, noman fari da maimai nasa ne, saukar ruwa a watan Agusta ba nasa ba ne.

A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimtarsu, suna zaton mutanen rumfa cewa suka yi kada a kula da komai. Ko kusa. Nauyi ɗaya suka ce a sauke don a ji ƙarfin ɗaukar ɗayan. Saboda haka tambayar da muka yi wa kowace waƙa ita ce: bayan ta ce ka ajiye damuwa, ta bar maka aikinka a hannu, ko har shi ta ce ka ajiye?

Mu fara da wadda ta fi yawo, "Don't Worry, Be Happy" ta Bobby McFerrin, mutumin Amurka, wadda ta fito a 1988. Babu ganga babu garaya a cikinta, duk sautin da ake ji daga bakinsa da jikinsa yake fitowa, kuma ta kai matsayi na ɗaya a ƙasarsu. Waƙar tana lissafa wahalhalu na gaske, har da mutumin da kuɗin haya suka taru masa mai gida na barazanar kai shi ƙara, amma amsar kowace wahala ɗaya ce, a yi murna kawai. Akwai ƴar gaskiya a ciki, tunda damuwa ba ta taɓa biyan kuɗin haya ba. Sai dai murna ma ba ta biya. Da Efiktetus zai ji ta, muna jin zai tambayi mai hayar ko ya je ya zauna da mai gidan sun yi magana, ko ya nemi aikin da zai rage bashin. A ma'auninmu wannan rabin magani ce.

Ta biyu ita ce "Three Little Birds" ta Bob Marley na Jamaika, wanda hotonsa ke manne a babura da shagunan aski har gobe. Ta fito a 1977. Ita alkawari take yi cewa komai zai daidaita. Wannan fata ne mai kyau, amma mutanen rumfa ba su taɓa yi wa kowa irin wannan alkawari ba. Su sukan ce ka tashi da safe ka ƙaddara cewa yau za ka gamu da mai butulci da mai zalunci, ka shirya halinka tun kafin su iso. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, rayuwar mawaƙin ta fi waƙarsa kusa da karatunsu. Ranar 3 ga Disamba 1976 ƴan bindiga suka shiga gidansa a Kingston suka harbe shi, suka ji wa matarsa rauni. Bayan kwana biyu ya hau dandali da rauninsa ya cika alkawarin wasan da ya ɗauka. Harsashi ba ya hannunsa, cika alkawari yana hannunsa.

Ta uku ta fi su tsufa, kuma ita ta fi ba mu aiki: "Que Sera, Sera" da Doris Day ta rera a 1956 a wani fim na Alfred Hitchcock. Yarinya ce take tambayar uwarta abin da za ta zama idan ta girma, uwar ta nuna mata gobe ba abin gani ba ce, abin da zai faru zai faru. Idan aka ji ta ita kaɗai, sai a ɗauka waƙar naɗe hannu ce. Amma ku ji inda aka sa ta a labarin. An sace ɗan wannan mata a Marrakish ta ƙasar Maroko, aka ɓoye shi a wani ofishin jakadanci a Landan. Uwar ta shiga gidan a matsayin baƙuwa, ta zauna gaban mutane ta ɗaga murya da wannan waƙa fiye da kima, don yaron ya ji daga ɗakin da aka kulle shi. Ya ji, ya amsa da fito, uban ya bi sautin ya same shi. Kun ga, bakinta yana miƙa wuya ga abin da zai faru, amma ita ba ta zauna ba. Wannan ya yi kama da abin da aka karantar da mu game da mutumin da Manzon Allah (SAW) ya umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya yi tawakkali.

Kada a ɗauka wannan karatu bai taɓa shigowa zauren malaman Musulunci ba. A Bagadaza, zamanin halifofin Abbasiyawa Ma'amun da Mu'utasim, akwai Yaƙubu bn Is'haƙa Alkindi, wanda ake yi wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa. Ya rubuta wata ƴar risala a kan dabarar tunkuɗe baƙin ciki. A cikinta ya nuna cewa duk abin da ke hannunmu aro ne, idan Mai shi ya karɓi kayansa ba a cuce mu ba. Ya kuma kawo misalin matafiya a jirgin ruwa da suka sauka wani tsibiri don biyan buƙata. Wasu suka gama suka koma da wuri, suka samu wurin zama mai yalwa. Wasu suka shagala da tsintar duwatsu masu ƙyalli da furanni, suka dawo da kaya niƙi-niƙi, suka matsu, furannin suka ruɓe musu a hannu. Wasu suka nutsa cikin daji har jirgi ya tashi ya bar su. Duka biyun, maganar aro da misalin jirgi, akwai tushensu a karatun Efiktetus. Alkindi ya faɗaɗa su ne, ya daidaita su da tauhidi.

Mu ma muna da waƙarmu ta lokacin ƙunci, wadda da yawanmu suka taɓa jin ana rera ta a zaure: Munfarija ta Ibnun Nahwi, mutumin Tauzar a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a 513 Hijiriyya, daidai da 1119. Baitocinta wajen arba'in ne, duk suna ƙarewa da harafin jimun. Sunanta daga faraj yake, wato buɗi bayan ƙunci, tushe ɗaya da sunan Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon da waƙarsa ta zagaya ƙasar Hausa a bakin makafi ƴan'uwansa. Munfarija ta ci jarrabawar da muka yi wa sauran, domin bayan ta kwantar da zuciya sai ta tura mai ji ga aiki: yarda da hukuncin Allah, tsayuwar dare, karatun Alƙur'ani, bin shiriya. Ta kuma zo da abin da mutanen rumfa ba su da shi. Su haƙurinsu ba ya jiran sakamako a lahira, mutum ne da hankalinsa kawai a gaban ƙaddara. Mai rera Munfarija kuwa yana da Wanda yake kai wa kuka, yana kuma sa ran amsa.

Akwai wuri na biyu da muka rabu da su, shi ne hawaye. A wajen mutanen rumfa, baƙin ciki mai tsanani kuskuren tunani ne, wanda ya ƙware sosai ba zai bar shi ya zauna a zuciyarsa ba, ko da ɗansa ne ya mutu. Mun tattauna wannan a aji har murya ta ɗaga, don akwai a cikinmu waɗanda suka rasa iyaye. Abin da muka sani shi ne, ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake barin duniya yana jariri, idanun mahaifinsa sun zubar da hawaye har wani sahabi ya yi mamaki. Ya bayyana masa cewa wannan rahama ce, bai ɓoye baƙin cikinsa ba, abin da ya tsare shi ne harshensa, kada ya furta abin da Ubangiji bai yarda da shi ba. Don haka idan kun je ta'aziyya kun tarar da ɗan'uwa yana hawaye, ba lokacin ce masa ya bar damuwa ba ne, da waƙa ko ba da waƙa ba. Ku zauna kusa da shi, ku yi wa mamacin addu'a, ku duba ko an ɗora tukunya a gidan.