Darasin Kimiyya: Me Ya Sa Ake Haɗa Morfin da Maganin Sassauta Ciki?

Akwai rukunin magungunan kashe raɗaɗi da ake kira ofiyod. Tushensu ofiyam ne, wanda daga cikinsa wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya ware morfin a farkon ƙarni na 19. Kodin ma daga nan yake, tiramadol kuwa a masana'anta ake haɗa shi. Ana ba da su ga mai ciwon daji, da wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila idan ciwonsa ya tashi.

To, ina ruwan maganin zafi da bayan gida? Sai mu fara sanin aikin hanji. A jikin bangonsa akwai tsoka da jijiyoyi, kuma tsokar tana matsewa tana saki bi da bi, ta haka take tura abinci gaba. Idan ragowar ta isa babban hanji, sai ya tsotse ruwan da ke cikinta.

Ofiyod yana kashe zafi ne ta hanyar maƙalewa a wasu makarɓai da ke ƙwaƙwalwa da laka, waɗanda ake kira miyu. Irin makarɓan nan suna nan jingim a jijiyoyin hanji. Da maganin ya kama su, turawar sai ta yi sanyi, ruwan da hanji ke fitarwa ya ragu, tsokar dubura ta ƙara tsukewa. Bayan gida ya daɗe a ciki, ana ta tsotse masa ruwa, har ya fito guntu-guntu kamar kashin awaki, da yunƙuri mai tayar da basir. Maganin gudawa loferamid shi ma ofiyod ne, wannan tsayarwar ake nema da shi.

Ga abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau. Tashin zuciya da gyangyaɗin da morfin ke kawowa sukan lafa cikin 'yan kwanaki, domin jiki ya saba. Hanji kuwa ba ya sabawa. Shi ya sa ake koya wa likitoci su rubuta morfin da maganin sassauta ciki a takarda ɗaya, rana ɗaya. Jiran majiyyaci ya yi ƙorafi sakaci ne a ganina, don kunya kan hana dattijo faɗa, wani ma ya daina shan maganin ya koma fama da ciwonsa.

Iri biyu na maganin sassauta ciki aka fi haɗawa. Na farko mai zaburar da hanji, kamar sena, ɗan uwan filaskon da muka sani. Ana shan sa da dare, ya yi aiki cikin awa 8 zuwa 12. Na biyu mai janyo ruwa cikin hanji, kamar makrogol ko laktulos, wanda kan ɗauki kwana 2. Mai ƙara wa bayan gida yawa, irin isfagula, ana guje masa, domin cika hanjin da ba ya motsi na iya toshe shi. Idan duk sun gaza, akwai naloksegol, mai ture ofiyod daga makarɓan hanji ba tare da ya taɓa aikinsa a ƙwaƙwalwa ba.

Idan ciki ya kumbura, ana amai, ko tusa ba ta fita, hanji na iya kasancewa a toshe. A dakatar da maganin sassautawa, a garzaya asibiti.