KIWON KIFIN DISKAS: A AUNA RUWA KAFIN A SAYO KIFI

Jama'a, kowa ya san tarwaɗa da karfasa, waɗanda a ke kiwo domin miya da kasuwa. To, yau ga wani kifi dabam, wanda a ke kiwo domin ado kawai. A kan sa shi cikin akwatin gilashi a ɗaki, ko ofis, ko kanti. Sunansa diskas, watau faifai, domin jikinsa a kewaye ya ke, ga faɗi ga rashin kauri, kamar an tsai da faifai cikin ruwa. Babbansa ya kan kai inci 6 zuwa 8, in ya sami kula kuwa ya kan yi shekara 10.

Kifi ne mai tsada, kuma ba ya jure sakaci. Mutum ya kan kashe kuɗi mai yawa ya sayo, kafin wata guda ya wayi gari ba ko ɗaya. Galibi kuwa ruwa ne ke kashe su. Sabo da haka wanda ya ke so ya yi wannan kiwo, sai ya fara da sanin ruwa.

ASALINSA

Gidan diskas kogin Amazon ne da rassansa, a ƙasashen Barazil da Peru da Kolombiya, can Amurka ta Kudu. Wani masani mutumin Ostiriya, Johann Jacob Heckel, shi ya fara rubuta bayaninsa a 1840. Danginsu ɗaya da karfasarmu, amma renonsu ya bambanta. Shi ya saba da ruwa mai ɗumi, kwantacce, inda itatuwa su ka faɗa. Wani reshen ma, Rio Negro, ruwansa baƙi ne kamar shayi marar madara. Yawancin waɗanda a ke sayarwa yanzu ba daga kogi a ke kamo su ba, a gonakin kifi a ke ƙyanƙyashe su, musamman a Maleshiya da Tailan. Waɗannan su ya kamata sabon shiga ya nema, domin sun fi na daji haƙuri.

KIFI NAWA, RUWA NAWA?

Ga ƙa'idodi biyu, kuma tare su ke tafiya.

Ta farko, ko wane babban diskas yana bukatar lita 40 na ruwa. In an cunkushe su, kashinsu ya kan ɓata ruwan, su daina girma.

Ta biyu, kada su kasa 5 ko 6. Diskas kifin garke ne, kuma akwai babba da ƙarami a tsakaninsu. In biyu ne ko uku, mai ƙarfi zai tasa rarrauna gaba, ya hana shi ci har ya rame. In sun kai shida, faɗan ya kan rarrabu, ba wanda zai sha shi shi kaɗai.

To, ku yi lissafi. Kifi 6 sau lita 40, lita 240 ke nan. Akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, yana cin lita 300, watau jarka 12 mai lita 25. Da ya ke ba a cika shi fal, wannan shi ne daidai kifi shida. Ku tuna lita guda kilo guda ce, sabo da haka teburin da za a ɗora shi sai mai ɗaukar fiye da kilo 300. Wanda ba shi da halin wannan akwati, gara ya dakata.

SHIRIN RUWA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayo akwati da kifi rana ɗaya. Ga dalili. Kifi yana fitar da wata guba mai suna amoniya, ruɓaɓɓen abinci ma haka. Cikin soson na'urar tace ruwa akwai waɗansu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ke juya amoniya ta zama naitirait, sa'an nan ta zama naitiret, wadda ba ta kai su illa ba. Sabon soso ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sai an kunna na'urar mako 4 zuwa 6, ana ɗan jefa abincin kifi a ruwan, kafin su yawaita. Akwai kayan gwajin ruwa wurin masu sayar da kifin ado. Kada a sa kifi sai gwaji ya nuna ba amoniya, ba naitirait.

Ruwan famfo yana da kulorin, mai ƙona huhun kifi, watau jan naman nan da ke ƙarƙashin kumatunsa. A sa masa maganin kashe kulorin kafin a zuba. Ma'aunin tsamin ruwa kuwa, wanda a ke kira pH, in yana tsakanin 6.5 da 7.5 ya wadatar ga diskas na gona. Abin gudu shi ne ruwan ya riƙa sakewa, yau tsami gobe kanwa.

ZAFI DA WUTA

Diskas yana son ruwa mai zafin digiri 28 zuwa 30, dare da rana. Da hunturu, a wurare irin su Kano, sanyin dare ya kan sauka ƙasa da digiri 15, sabo da haka hita da ma'aunin zafi wajibi ne. Da bazara kuwa a nisanta akwatin daga taga, kada rana ta dafa shi.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa. In wuta ta ɗauke ta daɗe, kifi zai rasa numfashi, ƙwayoyin da ke cikin soso kuma su fara mutuwa. Kafin ka sayo kifi, ka tanadi sola, ko kuwa aƙalla ɗan injin hura iska mai batir.

ZAƁEN KIFI

1. Ka sayi masu girma ɗaya, kamar inci 3 zuwa 4, daga hannun mutum ɗaya.

2. Ka ce a ba su abinci a gabanka. Wanda ya ƙi ci, ka bar shi.

3. Ka guji wanda jikinsa ya yi duhu, ko goshinsa ya motse, ko yana jan farin kashi kamar zare.

4. Wanda idonsa ya yi wa jikinsa girma, tsumburarre ne, ba zai kai girman 'yan'uwansa ba. Araha ba ta ado.

In ka kawo su gida, ka sa ledar a kan ruwan akwatin kamar minti 20, zafinsu ya daidaita, sa'an nan ka sake su. Duk kifin da ka ƙaro daga baya, ka ware shi mako 4 a wani akwati, yadda makiyayi ke ware baƙuwar saniya. Kada a haɗa su da karfasa ko tarwaɗa. Ƙananan kifaye masu jure ɗumi, irin su kadinal tetra, su ne abokan zamansu.

ABINCI DA SAUYA RUWA

Ƙanana a ba su sau 3 ko 4 a yini, manya sau 2, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyar. Akwai abincinsu na gwangwani. Waɗansu kuma su kan niƙa zuciyar sa, bayan sun cire kitse da jijiya, amma tana saurin ɓata ruwa, sai a kwashe saura nan da nan.

Ko wane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ana bin ƙasan akwatin inda datti ke kwanciya. A akwatin lita 300, jarka 4 ke nan. A mayar da sabon ruwa mai zafi ɗaya da na ciki. Soson na'ura a matse shi cikin ruwan da a ka zuƙe, ban da ruwan famfo, ban da sabulu. In za a fesa maganin sauro a ɗakin, a rufe akwatin, a kashe injin iska har warin ya fita, domin ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi.

Wanda ya kiyaye waɗannan, wata rana zai ga biyu sun ware gefe sun yi ƙwai. Bayan kamar kwana 3 su ƙyanƙyashe, in 'ya'yan sun fara iyo sai su manne wa iyayensu, suna cin wata yauƙi da ke fita daga fatarsu, uwa da uba suna karɓa-karɓa. Wannan abin kallo ne ƙwarai, amma sai mai tsabtataccen ruwa ke ganinsa.

Sabo da haka, jama'a, a fara da akwati da ruwa da wuta, a bar sayen kifi ya zama na ƙarshe. Sannu ba ta hana zuwa.