Darasi: Yaron da aka sauke daga baya

A gidan manomi, uwa ce take fara tashi. Tun da asuba ta hura wuta, ta share tsakar gida. Sai ɗebo ruwa, sai surfe, sai daka. Kafin rana ta yi tsaka dole fura ta kai gona. Da la'asar ga itace, ga tuwon dare. Duk da haka sai a ji ana cewa: "Ba ta aikin komai, tana gida." Wanda ya ƙirga awoyinta daga asuba zuwa lisha ba zai ƙara faɗin haka ba.

Ga wani gida mai yara uku, irin wanda ake gani a kowane gari. Jinjiri ɗan wata 4 yana goye a baya. Nono yana kusa da shi, ko ya motsa uwa ta sani. Yayarsu tana da shekara 6. Tana da baki, in ta ji yunwa sai ta faɗa, in an hana ta sai ta tafi ɗakin kaka. A tsakaninsu akwai yaro ɗan shekara 2. An sauke shi daga baya, ƙanensa ya hau. Bai iya neman abinci ba, bai iya faɗin inda ke yi masa ciwo ba. Wannan darasi a kansa yake, domin shi ne tamowa ta fi kamawa.

Yadda aka yaye shi

Yana da shekara ɗaya da wata biyu uwarsa ta gane tana da ciki. Uwar miji ta ce: "Ƴar nan, nonon ya ɓaci. Kawo mini yaron." Ta ce: "To, Inna." Rana ɗaya aka raba shi da nono, aka kai shi wani ɗaki. Ya yi kwana uku yana kuka, ya ƙi abinci. Daga nan zawo ya biyo baya. Sai aka ce ai nonon cikin da ya sha ne.

Nonon mai ciki ba ya ɓaci. Yana iya raguwa, amma ba ya cutar da yaro. Abin da ya kawo zawon shi ne an cire masa abinci mai tsabta, an ba shi fura wadda ta yini ƙudaje suna bi. Kaka ba mugunta ta yi ba, abin da ta tarar ke nan. Amma yaye a hankali ake yinsa. A fara saba wa yaro da kunu da tuwo yana kan shan nono, ana rage nonon kaɗan-kaɗan. In da hali, ya sha har ya cika shekara 2.

Shi kuwa jinjirin baya, nono kaɗai ya ishe shi har wata 6. Ba ruwa, ba bauri, ko da a zafin bazara ne. Uwa ce za ta sha ruwa da yawa, ta ci ta ƙoshi.

Cikin yaro ƙarami ne

Cikin ɗan shekara ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce rubu'in lita a zama guda. In an cika shi da fura mai ruwa-ruwa, ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. Babba yana iya cin abinci sau biyu ya yi noma. Yaro ba haka yake ba. Daga wata 9 zuwa shekara 2 yana bukatar ci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ban da nono.

Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zuba. Garin hatsi kaɗai bai isa ba. A haɗa shi da garin wake da aka soya, ko garin ƙuli-ƙuli, ko dakakkiyar gujiya. A sa cokali ɗaya na man gujiya ko man shanu. A barbaɗa garin zogale, wanda aka shanya a inuwa. Wata rana kabewa, wata rana busasshen kifi ko fara da aka daka da laushi, lokacin mangwaro kuma mangwaro. Yawancin waɗannan suna cikin gida ko a gamanar uwa, ba sai an je birni ba.

Sai maganar ƙwai. Ana cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata. Da yawa suna kai ƙwan zabi kasuwa da damina, su bar yaro da tsurar fura. Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Guda ɗaya dafaffe yana gina jikin yaro.

Abu mafi sauƙi, wanda ba ya cin ko dala, shi ne a ba yaro ƙwaryarsa shi kaɗai. In ya sa hannu a akushi ɗaya da manyan yara, kafin ya kai loma biyu sun gama. Uwa ta ga akushi wayam, ta ce kowa ya ƙoshi. In ƙwaryarsa daban take, za ta ga abin da ya ci da abin da ya bari. A wanke masa hannu da sabulu, a zauna kusa da shi, a lallashe shi. Yaro mai rashin lafiya ya fi kowa bukatar wannan zama.

Damina

Damina ita ce lokacin wuya. Rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya yi yawa, sauro ya taso. Matar da ke fita gamana tana barin yaron a hannun ƴar shekara 6. Yarinya ce ita ma, wasa zai ɗauke mata hankali. Kafin uwa ta fita, ta ajiye kunun yaro a rufe, ta gaya wa wata babba a gidan lokacin ba shi. A kashe wutar murhu. A rufe randa da tukunyar ruwan zafi. Kalanzir da maganin ƙwari na gona a rataye su sama.

Tun shekarar 2013 aka fara raba maganin rigakafin zazzabin cizon sauro a Nijar, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata a cikin damina. Na kwana uku ne. Ma'aikaci yana ba da na ranar farko, uwa ce take ba da na biyu da na uku. In an manta da su, aikin bai cika ba. Gidan sauro kuma a ɗaura shi kowane dare, yaron tsakiya ya shiga ciki, kada a ce na mai jego ne kawai.

In zawo ya kama shi, kada a hana shi ci ko sha. A dama ƙunshin gishirin zawo na gidan likita a lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri, a lita 1. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya kwana ya yini, a zubar a dama sabo. In idanu sun faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini a kashinsa, a ɗauke shi zuwa likita ran nan, ko da dare ne.

Rabon maigida

A shekarar 2005 yunwa ta faɗa wa ƙasa. Yankunan Maraɗi da Zinder, inda ake noma hatsi sosai, suna cikin waɗanda yara suka fi ramewa. Tun daga nan mutane da yawa suka san igiyar awon hannu mai launi uku, kuma an koya wa iyaye mata yin awon da kansu. Ana ɗaura ta a tsakiyar damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya. Rawaya, yaro ya fara ramewa, a kai shi awo. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, haɗari ne. Haka kuma in ƙafafu biyu sun kumbura, aka danna da yatsa rami ya zauna. Wannan kumburi ba ƙiba ba ce.

Uwa takan ga alamar tun da wuri. Amma mabuɗin rumbu, da kuɗin mota, da iznin fita, yawanci suna hannun maigida. In ta ce: "Maigida, yaron nan ba ya ci," ya amsa da "a bari sai ranar kasuwa," to kwana shida ke nan, kuma yaro mai tamowa ba ya jiran kasuwa. Maigida yana iya ware tiya ɗaya ta wake da ɗaya ta gujiya tun da kaka, a ce na yara ne, ba na sayarwa ba. Yana iya ɗebo ruwa da amalanke. Tsokar da aka sa masa a miya, yana iya gutsura wa yaron. In ya dawo daga masallaci da magariba, ya ɗora shi a cinya su yi hira, uwa ta samu ta kwashe tuwo da hannu biyu.