Yadda Ake Zaɓen Bureka, Waya da Fulogi ga Janareton da Ke Wuni Yana Aiki

Daga shagunan magani da ke kusa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a Gyadi-Gyadi har zuwa masu cajin waya da masu ƙanƙara na Tarauni, da zarar wutar KEDCO ta ɗauke, inji ne ke riƙe sana'a. Duk kayan da za su ja wuta awa 3 ko fiye ba tsayawa, lissafinsu daban ne, domin zafi taruwa yake yi a cikin waya sannu a hankali.

Da farko, tara wat ɗin duk abin da za ka kunna tare. Yana rubuce a jikin kowanne. A ce firiza biyu, fankoki, fitilu da injin hoto sun kai wat 3,000. Raba da 230, wato ƙarfin wutarmu, ka samu amfiya 13. Sai ka ƙara kashi 25 cikin 100 saboda daɗewar aiki: amfiya 16 da ɗoriya. Da wannan adadin za ka shiga kasuwa.

Duba farantin da ke jikin injin. Babbar lambar da aka rangaɗa a kan tanki ta ɗan lokaci ce. Ƙaramar ita ce abin da zai iya ɗauka yana aiki. Kada ka ɗora masa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙaramar. Kayan wat 3,000 suna son inji mai wat 3,750 zuwa sama, musamman da yake firiza da famfon ruwa kan fizgi ninki uku ko fiye wajen tashi.

Bureka kuma, ɗauki wadda ke gaba da lissafinka, wato mai amfiya 20. A nan mutane ke cutar kansu: bureka na yawan faɗuwa, sai a musanya ta da mai 63 a huta. Aikinta kare waya ne. In ta fi ƙarfin wayar, wayar za ta narke ita tana tsaye.

Waya mai kauri 2.5 tana ɗaukar amfiya 20 a ɗan gajeren zango. Amma zafin Kano na watan Afrilu yakan kai digiri 40, kuma inji dole ya zauna waje nesa da ƙofa saboda hayaƙinsa na kisa. Ni dai shawarata ka sayi mai 4. Kankare bakinta ka gani tun a gaban mai shago: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye masa abinsa. Kada ka bar ta a nannaɗe tana aiki.

Fulogin gida mai ƙafa uku iyakarsa amfiya 13, kuma shi ke fara baƙi. Nemi shuɗin nan mai zagaye na amfiya 32 da soket ɗinsa, a ɗaure kusoshin tamau. Tsirara wayar a cusa cikin soket da tsinken ashana haɗari ne. A sa canjoba tsakanin inji da layin KEDCO, don kada wutarka ta koma kan ma'aikacin da ke bisa turke.

Bayan awa guda da tayar da inji, taɓa bayan fulogin da rigar wayar. In hannunka bai iya daɗewa a kai ba, kashe injin ka kira mai aikin wayarin.