Darasi na 12: Jinkirin Tashin Jirgin Sama

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe sararin samaniya a arewacin Nijeriya. Idan matuƙi ba zai iya hangen titin sauka ba, jirgin da zai tashi daga Legas zuwa Kano yakan yi jinkiri, wani lokaci ma a soke tafiyar baki ɗaya. Lalacewar inji ma takan jawo haka.

Haƙuri wajibi ne, amma matafiyi yana da haƙƙinsa. Dokokin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya sun tanadi cewa, a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa 2, kamfani ya ba fasinjoji abin taɓawa. Idan ya kai awa 3, fasinja yana iya neman a mayar masa da kuɗin tikitinsa. Idan kuwa jiran ya kai tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, sai a ba shi masauki.

Saboda haka, ka adana tikitinka, ka tambayi dalilin jinkiri cikin ladabi. Idan ba a saurare ka ba, ka kai kuka ga jami'an hukumar da ke filin jirgin. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Me yakan jawo jinkiri a lokacin hunturu?
2. Yaushe ake mayar wa fasinja da kuɗinsa?
3. Yi amfani da “soke” da “masauki” cikin jimla.