Baƙin Mai Domin Sabon Babur

'Yan'uwa manoma, bayan kaka ƙungiyoyi da yawa sukan haɗa kuɗi su sayi babur domin kai hatsi kasuwa, da ɗauko taki, da kai mara lafiya asibiti. Sau da yawa abin da ke kashe irin wannan babur tun da sauran ƙarfinsa shi ne baƙin mai: ko an zuba wanda bai dace ba, ko an bar shi ya daɗe a ciki.

Sabon inji bai gama zama ba. Fistin da ringi da haƙoran giya suna gogar juna, suna zubar da garin ƙarfe a cikin mai. Saboda haka juyen farko ya fi kowane juye muhimmanci. Ku duba littafin da ya zo da babur ɗin. Yawanci yakan ce tsakanin kilomita 500 da 1,000. Kada ku wuce, ko da man yana nan jawur kamar jiya aka zuba. A cikin waɗannan kwanaki kuma kada a ɗora masa buhu biyu da mutum, kada a murɗe shi ƙarshe.

Wane mai za a saya? A babur irin su Bajaj Boxer, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Man mota kuwa, wani ana sa masa maganin ƙara santsi, sai kuloci ya riƙa zamewa, babur ya yi ta kuka ba ya ja. Ku nemi gwangwani mai alamar 4T da JASO MA ko MA2. Wannan ma'auni ne da Japan ta fitar a 1998 musamman domin babura. Kaurin da ya saba dacewa da zafin ƙasarmu shi ne 20W-50, sai dai in littafi ya faɗi wani. Mai alamar 2T na tsofaffin babura ne masu ƙona mai tare da fetur, ba naku ba ne. Wanda ake aunawa a kwalba a bakin hanya kuma, ba mai iya rantsuwa da abin da ke ciki. Arharsa ba ta kai kuɗin ringi ba.

Bayan juyen farko, shawararmu ga masu bin hanyar ƙauye ita ce a juye duk kilomita 2,000, musamman da hunturu, gama ƙura takan shiga mai ta zama kamar yashi. A tsabtace matatar iska a ranar. A juye inji yana da ɗumi, a zuba daidai abin da littafi ya ce, wajen lita 1 ga yawancinsu. Kowace Asabar a tsai da babur a kan ƙafar tsakiya a duba sandar awon mai.

Babur na mutane da yawa, kowa yakan zaci wani ya juye. Magatakarda ya ajiye littafi, ya rubuta rana da lambar kilomita, ma'aji kuma ya ware kuɗin mai daga kuɗin haya. Tsohon man a tara shi a galan a kai wa makanike, kada a zubar kusa da rijiya ko cikin gona.