Yadda Ake Sake Ɗora Windows A Kwamfuta Idan Babu Faifai

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga abin da ya faru a gidanmu lokacin hutu. Kwamfutar yayana, wadda ya saya ta hannu a kasuwa, ta wayi gari ta ƙi tashi. Da an kunna ta sai ta nuna shuɗin allo, ta mutu. A cikinta akwai aikinsa na kammala karatu da ya kwashe wata huɗu yana yi, kuma da ita nake gwajin tambayoyin JAMB, jarrabawar da tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta. Muka koma wurin wanda ya sayar da ita neman faifan Windows, ya ce shi ma haka ta zo masa. Ko wurin saka faifai ma ba ta da shi.

Abin da muka gano shi ne, faifai mazubi ne kawai. Abin da ke cikinsa, wato fayilolin Windows, ana iya sauke shi kyauta daga shafin kamfanin Microsoft, a zuba a filash, a ɗora a kwamfuta ta hanyar rubuta umarni. Aikin ba shi da wuya, amma yana son natsuwa, domin kuskuren lamba ɗaya na iya shafe aikin shekara.

KALMOMIN DA ZA MU YI AMFANI DA SU

Babbar manhaja: ita ce ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, sauran manhajoji a kanta suke zama. Windows da Linux da macOS duk manyan manhajoji ne.

Layin umarni: baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da ake so ta yi, maimakon danna hotuna. A Windows sunansa cmd. Bayan rubuta kowane umarni ana danna maɓallin Enter.

Rumbu: ma'adanar da ke cikin kwamfuta, inda Windows da takardunku da hotunanku suke. Ana raba rumbu gida-gida, kowane gida da harafinsa, kamar C: ko D:.

INA LASISI YAKE?

Mutane da yawa suna tsoron idan suka goge Windows sun rasa lasisinsu. A da, lambar lasisi tana kan wata takarda da aka liƙa a ƙarƙashin kwamfuta. Tun fitowar Windows 8 a 2012, masu ƙera kwamfuta suke adana lambar a cikin ita kanta na'urar, ba a rumbu ba. Haka kuma, kwamfutar da aka taɓa tabbatar wa lasisin Windows 10 ko 11, Microsoft tana riƙe da shaidarta. Da an sake ɗora irin wanda take da shi, aka haɗa ta da intanet, lasisin zai dawo da kansa. Sharaɗin shi ne a ɗora iri ɗaya. Mai lasisin Home ya ɗora Home, mai Pro ya ɗora Pro.

Saboda haka babu dalilin sayen faifan jabu. Ba ku san wanda ya haɗa shi ba, ba ku san abin da ya cusa a ciki ba.

A FARA DA GYARA

Ba kowace matsala ce ke buƙatar goge komai ba. Idan kwamfutar tana tashi amma tana gardama, ku rubuta cmd a wurin bincike, ku buɗe shi da ikon mai kula ta hanyar zaɓar "Run as administrator", sannan ku rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth
sfc /scannow

Na farko yana gyara ajiyar fayilolin Windows, kuma yakan nemi intanet. Na biyu yana duba fayilolin da suka lalace ya maye gurbinsu. Idan hakan bai wadatar ba, ku rubuta:

shutdown /r /o /t 0

Kwamfutar za ta sake tashi ta kai ku shafin gyara. A nan sai ku zaɓi "Troubleshoot", sannan "Reset this PC". Za ta tambaye ku ko ta bar muku fayilolinku ko ta share komai. Wannan hanyar ba ta buƙatar faifai ko filash. Sai idan duk waɗannan sun gagara, kamar yadda ta faru da mu, ake zuwa mataki na gaba.

KAYAN AIKI

Za ku buƙaci wata kwamfuta mai lafiya da ke da Windows, da intanet mai data wadda ba ta gaza gigabait 6 ba, da filash mai gigabait 8 ko fiye, da wani filash ko rumbun waje na ajiye fayiloli. Ku cika batir, ku kuma tabbatar akwai wuta ko janareta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana nufin komawa farko.

A kwamfutar mai lafiya, ku shiga shafin Microsoft ku sauke ƙaramar manhajar da ake kira Media Creation Tool. Ita za ta sauke Windows ta zuba a filash. Ku sani duk abin da ke cikin filash ɗin zai goge.

Wane Windows za a zaɓa? Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin da ta saba daga 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, da ya fito a 2021, yana son kwamfuta mai RAM gigabait 4, da rumbu mai gigabait 64, da na'urar tsaro TPM 2.0. Idan kwamfutarku ta cika sharuɗɗan, ku ɗauki 11.

MATAKI NA 1: TAYAR DA KWAMFUTA DAGA FILASH

Ku soka filash, ku kunna kwamfutar, nan take ku riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A yawancin kwamfutocin HP F9 ne, a Dell da Lenovo kuwa F12. Ku zaɓi sunan filash ɗinku, wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Da shafin zaɓen harshe ya bayyana, ku danna Shift da F10 tare. A wasu ƙananan kwamfutoci sai an haɗa da Fn. Baƙin allo zai buɗe.

MATAKI NA 2: CETO FAYILOLI

Wannan ne dalili na farko da ya sa layin umarni ya cancanci a koye shi. Windows ya mutu, amma takardunku suna nan a rumbu. Ku soka filash na biyu, ku rubuta:

diskpart
list volume
exit

Za ku ga jerin gidaje da harufansu da girmansu. A nan harufa sukan canza, gidan da kuka sani da C: yana iya zama D:. Harafin X: kuwa na wucin gadi ne, na tsarin da filash ya tayar. Ku rubuta harafin kowane gida a takarda. A misalinmu, tsohon Windows yana C:, filash mai Windows yana D:, filash na ajiya yana E:. Sai ku kwafe:

xcopy C:\Users E:\Ajiya /E /H /I /C

Wannan zai kwashe foldar masu amfani da kwamfutar duka. Idan filash ɗin ƙarami ne, ku kwafe foldar takardu kawai. Bayan ya gama, ku kai filash ɗin wata kwamfutar ku buɗe fayil biyu ko uku da idonku. Idan rumbun yana kulle da BitLocker, sai kun samo lambar buɗewa mai alƙaluma 48, wadda galibi take cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

Kafin ku ci gaba, ku zare filash na ajiya ku sa a aljihu.

MATAKI NA 3: SHARE RUMBU DA RABA SHI

Nan ne wuri mafi haɗari a duk darasin. Ku rubuta:

diskpart
list disk

Za ku ga Disk 0, Disk 1, da girman kowanne. Da girma ake gane rumbu, ba da lamba ba. Wanda yake kusa da gigabait 8 ko 16 filash ɗinku ne. Rumbun da aka sayar a matsayin gigabait 500 yakan nuna 465, mai 256 kuma ya nuna 238. A ranar da muka yi namu, mun manta ba mu zare rumbun ajiya ba, na kuwa zaɓi lambarsa bisa kuskure. Har na rubuta umarnin sharewa, saura danna Enter, yayana ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙanena, tsaya, karanta mini girmansa tukuna." Da bai tsayar da ni ba, da aikinsa na wata huɗu ya tafi.

Idan kun tabbatar rumbun kwamfutar shi ne Disk 0, sai ku ci gaba:

select disk 0
detail disk
clean
convert gpt
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
create partition msr size=16
create partition primary
format quick fs=ntfs
assign letter=W
exit

Umarnin detail disk yana nuna sunan rumbun da kuka zaɓa, dama ce ta ƙarshe ta dubawa. Shi kuwa clean ba ya tambayar ko kun tabbata, da an danna ya aikata. Sauran layukan suna gina gida uku. Na farko mai megabait 260 yana ɗauke da fayilolin da ke tayar da kwamfuta. Na biyu mai megabait 16 Windows ne ke keɓe wa kansa. Na uku ya cinye sauran filin, a nan Windows da fayilolinku za su zauna.

Wannan tsari na kwamfutocin da ke tashi da UEFI ne, wato yawancin waɗanda aka ƙera daga 2012 zuwa yau. Tsofaffi masu BIOS suna amfani da tsarin MBR, umarninsu ya ɗan bambanta, don haka a nemi malami ya duba.

MATAKI NA 4: ZUBA WINDOWS

Duk Windows yana dunƙule ne a cikin babban fayil guda a filash. Ku duba sunansa:

dir D:\sources\install*

Zai iya zama install.esd ko install.wim. Ku yi amfani da sunan da kuka gani. A cikin fayil ɗin akwai nau'o'in Windows da yawa, kowanne da lambarsa. Don ganin su:

dism /Get-WimInfo /WimFile:D:\sources\install.esd

Ku nemi lambar da ke gaban kalmar Index ta nau'in da ya dace da lasisinku. Idan lambar 1 ce:

dism /Apply-Image /ImageFile:D:\sources\install.esd /Index:1 /ApplyDir:W:\

Idan kuwa kun tarar an tsaga fayil ɗin zuwa install.swm da install2.swm, sai ku sa install.swm a umarnin, ku ƙara /SWMFile:D:\sources\install*.swm a ƙarshensa. Za ku ga lissafi yana hawa har ya kai 100. Kada ku taɓa komai sai ya gama.

MATAKI NA 5: NUNA WA KWAMFUTA HANYA

Yanzu Windows yana rumbu, amma kwamfutar ba ta san inda yake ba. Wannan umarni ne zai sanar da ita:

bcdboot W:\Windows /s S: /f UEFI

Duk wanda ya tsallake shi zai kunna kwamfuta ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Bayan ya nuna an yi nasara, ku rubuta:

wpeutil reboot

Da allon ya yi duhu ku zare filash. Kwamfutar za ta sake tashi da kanta sau ɗaya ko biyu, sannan ta tambaye ku ƙasa da harshe da suna, kamar sabuwa.

BAYAN AN GAMA

Ku haɗa ta da intanet, ku bar Windows Update ya sauke direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sauti da allo da Wi-Fi su yi aiki. Idan Wi-Fi ya ƙi, ku haɗa waya da kwamfutar ta kebul ku ba ta intanet daga wayar. Daga nan ku duba lasisi, ku mayar da fayilolinku, ku sake ɗora manhajojin da kuke amfani da su, domin su ba sa dawowa da kansu.

Idan kwamfutar ta tsufa har Windows 11 ya fi ƙarfinta, ba ta zama shara ba. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, da filash ake ɗora su, kuma ana iya amfani da LibreOffice na rubutu da lissafi a kansu.

Tamu kwamfutar ta tashi a daren ranar, yayana ya miƙa aikinsa a kan lokaci. Tun daga nan kowane ƙarshen mako yake kwafe takardunsa a filash, ya kuma tura wa kansa ta imel. Ku ma ku fara yau, tun kwamfutar tana da lafiya, rigakafi ya fi magani.

Jan kunne: kada kowa ya gwada waɗannan umarni a kwamfutocin ɗakin karatu ko na ofis ba tare da izinin malamin kwamfuta ba. Mai son koyo ya nemi tsohuwar kwamfutar da babu abin kowa a ciki, ya yi gwajinsa a gaban malami.

TAMBAYOYIN BITA

1. Me ya sa ake gane rumbu da girmansa maimakon lambarsa?
2. Mene ne aikin bcdboot, kuma me zai faru idan aka manta da shi?
3. Ɗaliba tana da lasisin Home, ta ɗora Pro. Wace matsala za ta fuskanta?
4. Wane mataki ne bai kamata a tsallake ba kafin a rubuta clean?

Ku rubuta amsoshinku a takarda tare da suna da aji, ku jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida. Za mu liƙa amsoshin da suka fi dacewa a fitowa ta gaba.